Gidan Tarihi Mai Cin Kasuwa: Yadda Oklahoma Ta Tara Zane, Sassaƙa da Ƙirar Azurfa

A kan wani tudu da ake kira Persimmon Hill, arewa maso gabashin birnin Oklahoma a Amurka, akwai gidan adana kayan tarihi da fasaha mai suna National Cowboy & Western Heritage Museum. Kayan da ke cikinsa sun haura 28,000: zane-zane, mutum-mutumi, sirada, bindigogi, tufafin 'yan asalin ƙasar, har da samfurin wayar ƙaya ta shingen gona iri-iri. Akwai gidajen da suka fi shi dukiya nesa ba kusa ba. Abin dubawa a nan shi ne yadda yake samun sabon aiki daga hannun masu fasahar da ke raye. Sau biyu a shekara ɗakunansa kan koma kasuwa, a watan Yuni ta masu zane da masu sassaƙa, da kaka kuma ta maƙeran azurfa da dukawa. Daga kasuwar nan kuɗi ke shigowa, daga cikinta kuma gidan ke tsamo abin da zai ajiye. Tsarin ya haura shekara 50 yana tafiya. Ya raya sana'o'in da aka fara yi wa kallon sun mutu, amma kuma shi ne ya ba mai saye babbar murya a kan abin da zai hau bango.

Mafarin lamarin

Wani ɗan kasuwa na Kansas City, Chester A. Reynolds, wanda ya shugabanci kamfanin Lee mai ɗinka wandon jins, shi ya kawo shawarar a gina wurin tunawa da kaboyi, wato makiyayan shanu na kan doki na yammacin Amurka. An kafa gidan a 1955 da wakilan jihohin yamma 17. Kuɗi suka yi ta yankewa, gini ya yi ta tsayawa, sai a 1965 aka buɗe ƙofa. Reynolds bai ga ranar ba.

Da aka buɗe, sai matsalar farko ta bayyana. Manyan masu zanen yammacin Amurka biyu, Frederic Remington da Charles Russell, sun daɗe da rasuwa, ɗaya a 1909, ɗayan a 1926. Mafi kyawun ayyukansu kuwa attajirai sun riga sun kwashe: Thomas Gilcrease a Tulsa, Amon Carter a Fort Worth. Daraktan gidan na lokacin, Dean Krakel, ya samo abin da ya samu, amma a bayyane yake cewa wanda ya zo a makare ba zai cika ɗakuna da aikin matattu ba. Dole a koma ga masu rai.

Masu ran kuwa suna nan, kuma suna neman inda za su sa kansu. Tun shekarun 1950 manyan masu sharhi da dillalan New York suka juya wa zanen zahiri baya, wato zanen da za ka kalla ka ce ga doki, ga mutum, ga dutse. Yayi ya koma kan zanen launi da layi zalla, wanda ba ya kwaikwayon komai. Abin dariya, jagoran wannan yayi, Jackson Pollock, a garin Cody na jihar Wyoming aka haife shi a 1912, tsakiyar ƙasar kaboyi. Waɗanda suka ƙware a zana mutum da dabba daidai sai suka fake a mujallu, bangon littattafai da fastocin silima. Can ma talabijin da kyamara suka bi su suka ƙwace abincin. Mujallar Saturday Evening Post, wadda ta ciyar da da yawa daga cikinsu, ta tsaya a 1969. John Clymer, Tom Lovell, Robert Lougheed, daga baya Howard Terpning, duk suka tattara suka koma yamma. A can akwai masu rijiyoyin mai da masu garken shanu da ke son hoton ƙasarsu a falo, kuma ba ruwansu da abin da New York ke cewa.

A 1965 wasu masu zane huɗu suka kafa ƙungiyar Cowboy Artists of America a Sedona, jihar Arizona, kuma daga 1966 gidan Oklahoma ne ke karɓar baje kolinsu. A 1973 suka kwashe kayansu suka koma Phoenix. Wannan rashi ne ya sa Krakel, tare da Lougheed, suka ƙirƙiro nasu taron a shekarar, suka kira shi National Academy of Western Art, da babbar kyauta mai suna Prix de West. A tsakiyar shekarun 1990 sunan kyautar ya zama sunan taron baki ɗaya.

Yadda ake cinikin

Ba kowa ke kawo aiki ba, sai wanda aka gayyata. Masu zane da masu sassaƙa kusan 100 ne ke kawo sababbin ayyuka kimanin 300, kuma ana rataye su makonni jama'a na kallo. Kafin a sayar da ko guda, kwamitin gidan kan zagaya ya zaɓi aiki ɗaya. Gidan ya biya farashin da mai shi ya sa, ya ƙara masa kuɗi da lambar yabo, aikin kuma ya shiga taska. Kyautar Prix de West ke nan. A taƙaice, gidan ya ba kansa damar zaɓen farko a kasuwar da shi ya kafa.

Sauran ayyukan yawanci ba gwanjo ake yi da su ba. Mai aiki ya yanke farashi tun farko, an rubuta a gefe. Kusa da kowane zane akwai ɗan akwati. Mai son saye ya riga ya biya kuɗin shiga, an ba shi littafin takardu masu lambarsa. Duk aikin da ya kwanta masa, sai ya yago ɗaya ya jefa. Da lokaci ya cika a zaro sunaye. Wanda ya fito farko yana da 'yan mintoci ya ce ya saya, in ya yi jinkiri a wuce ga na biyu. Akwatin wani mai zane kan cika har ya yi tozo, na wani kuma a girgiza a ji shiru, kuma duk a gaban idon abokan sana'a.

Ƙuri'ar nan tana da hikima. A gwanjo attajirai biyu kan iya ɗaga farashin mutum ya kai inda ba zai iya riƙewa ba, bara ya sayar da tsada, bana ya faɗo, sunansa ya lalace. A nan farashi na hawa ne a hankali, kuma mai matsakaicin ƙarfi yana da damar da hamshaƙi ke da ita. Gidan na cire la'adarsa daga kowane ciniki, cinikin kuwa na miliyoyin daloli ne a shekara. Mai zanen da ya ci kyautar ya samu abin da ya fi kuɗin: daga ranar, duk dillalin da zai sayar da aikinsa zai ambaci cewa yana rataye a gidan tarihi.

Sai dai akwatin da aka girgiza aka ji shiru yana koyar da darasi. Taron yana da kyaututtuka da dama, ciki har da wadda masu fasaha ke zaɓa a tsakaninsu, mai sunan Lougheed, da wadda masu saye ke zaɓa. Amma babbar ƙuri'a ita ce ta takardun nan. Mai zanen da ya gwada sabon abu bai sayar ba, ya san me zai kawo baɗi. Shi kuma kwamitin ba ya iya zaɓar abin da ba a kawo ba.

Abin da ya taru a bango

Aikin farko da ya ci, a 1973, na Clark Hulings ne, Grand Canyon, Kaibab Trail. Ayarin alfadarai ne a kan siririyar hanya a jikin wawakeken kwazazzabon nan na Arizona, cikin sanyi. Abin da ke riƙe ido ba dabbobin ba ne, tazarar ce: dutsen da ke kusa yana da kaifi da duhu, na bayansa ya ɗan dushe, na can ƙarshe ya narke ya koma shuɗi-shuɗi. Da fentin mai kawai aka yi wannan, ta hanyar rage ƙarfin launi mataki-mataki. Masu cewa zanen zahiri kwafin hoto ne ba su tsaya a gaban irin wannan ba. Kyamara na ɗaukar duk abin da ke gabanta. Mai zane kuwa yana zubar da rabi, ya matsar da dutse, ya sauya inda haske ke faɗowa, har sai ido ya bi hanyar da yake so.

Bettina Steinke ta ci a 1978 da zanen uba da 'yarsa a bikin ƙabilar Crow. Ita ce mace ta farko, kuma sai a 2012 Terri Kelly Moyers ta biyo ta. Terpning, wanda ya yi suna a fastocin silima kafin ya koma zana ƙabilun filayen Amurka, ya ci sau biyu, 1981 da 1996. Daga baya wasu ayyukansa sun wuce dala miliyan ɗaya a gwanjo. Wilson Hurley, wanda ya yi tuƙin jirgin soja da aikin lauya kafin ya rungumi buroshi, ya ci a 1984. Shi aka ba aikin manyan zane-zane biyar masu fuska uku-uku da ke babban zauren taro, Windows to the West, kowanne tsayinsa ya kusa mita 5. Babu mutum ko ɗaya da ya dame su, ƙasa ce da sama: duwatsun Sandia, gaɓar tekun Kalifoniya, Grand Canyon, Monument Valley, da magangarar ruwan Yellowstone.

In aka jera ayyukan da suka ci tun 1973, gwanintar hannu ba ta da makusa. Ƙafar doki na inda ya kamata, igiyar sirdi ta bi ta inda take bi, domin masu sayen nan da yawansu sun hau doki, kuma za su gane kuskure kafin su gane kyau. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mamaki. Rana na yawan faɗuwa a zanen nan, kuma shekarar 1870 ta fi ta bana yawan fitowa.

Mutum-mutumi biyu da ke jayayya

Mai karatun da ke ƙyamar mutum-mutumi saboda addini ba sai ya so su ba kafin ya ga abin da ake faɗa da su, kuma a gidan nan ana faɗar abubuwa biyu masu karo da juna.

Da ka shiga, abin da ke tarbarka shi ne End of the Trail na James Earle Fraser, farin filasta mai tsayin sama da mita 5. Ɗan asalin ƙasar ne a kan doki, ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, mashinsa ya kalli ƙasa, dokin ya saukar da kai, iska ta tura jelarsa tsakanin ƙafafu. An yi shi ne don bikin baje kolin duniya na San Francisco a 1915. Bayan bikin ya yi shekaru da dama a wani lambu a Visalia ta Kalifoniya, rana da ruwa na cinsa, har gidan ya karɓo shi a 1968, ya gyara, ya mayar wa garin da kwafin tagulla. Saƙonsa ba ɓoyayye ba ne: mutanen nan sun ƙare.

A 1993 kyautar Prix de West ta tafi ga Allan Houser, ɗan ƙabilar Chiricahua Apache. Iyayensa na cikin waɗanda gwamnatin Amurka ta riƙe a matsayin fursunonin yaƙi na tsawon shekara 27, bayan jagoransu Geronimo ya miƙa wuya a 1886, shi kuma an haife shi a Oklahoma a 1914, jim kaɗan bayan sakin su. Aikinsa, Smoke Signal, tagulla ne: mutum tsaye da ƙafafunsa, ya ɗaga mayafi daga kan wuta yana aika saƙo da hayaƙi. Wanda aka ce ya ƙare ga shi yana magana, kuma ɗan asalin ƙasar ne ya ƙera shi. Houser ya rasu a shekarar da ta biyo. A ganina wannan ne zaɓi mafi nauyi da kwamitin ya taɓa yi, kuma ya nuna tsarin na iya gyara kansa idan an gayyato wanda ya dace. Wasu 'yan asalin ƙasar sun ci kyautar daga baya: Oreland Joe a 2006, Paul Moore a 2019.

Akwai kuma wani bambanci na sana'a da mai saye ke kula da shi. Tagulla zubi ake yi: a gina siffa da yumɓu, a ɗauki tambarinta, a zuba kaki, a lulluɓe kakin da ƙasa mai jure wuta, a narkar da shi ya fice, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Tushen dabarar ɗaya ne da wanda maƙeran Ife da Binin suka yi aiki da shi ƙarnuka da suka wuce. Tunda tambarin na nan, ana iya zuba kwafi da yawa, shi ya sa za ka ga an rubuta lamba a gindi, misali na 5 cikin 25. Wanda gidan ya saya yana da 'yan'uwa a wasu gidaje. Dutse kuwa guda ne. Canyon Princess na Gerald Balciar, damisar dutse mai gangarowa daga tsauni, tsayinta mita 5 da rabi, daga curin marmara ɗaya na Kolorado mai nauyin tan 31 aka sassaƙo ta, abin da ya rage kimanin tan 8 ne.

Azurfa, wadda ta kusa ɓacewa

Nan ne lamarin ya fi daɗin bibiya, domin zane da sassaƙa kasuwa kawai suka rasa, ƙirar azurfa kuwa masu yin ta ne suka kusa ƙarewa.

Adon doki da azurfa ya shigo yammacin Amurka ne ta hannun makiyayan Meksiko, su kuma sun gada daga Sifaniyawa, waɗanda suka ɗauki abubuwa da dama na hawa daga mutanen Arewacin Afirka. Da aka gano ma'adinin Comstock a Nevada a 1859, azurfa ta wadata. Baduku G. S. Garcia ya kafa shago a garin Elko na Nevada a shekarun 1890, sirdinsa ya ci lambar zinare a baje kolin St. Louis na 1904. Edward Bohlin, ɗan Suwidin, ya kai abin ƙololuwa a Hollywood, yana yi wa taurarin silima da masu fareti sirada da azurfa ta rufe su har fata ba ta ganuwa. Wanda ya taɓa tsayawa a hawan Daushe ya ga yadda kayan doki ke faɗin matsayin mahayi kafin a ga fuskarsa, ya fahimci abin da sirdin Bohlin ke yi.

Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antu suka karɓe aikin. Linzami da ƙaimi na inji, daga baya masu araha daga ƙasashen waje, suka cika shaguna. Tsofaffin maƙera da suka rage kuwa da yawansu ba sa koyarwa, kowa na ɓoye sirrinsa don kada a raba masa 'yan kwastomomin da suka saura. A 1998 wasu 'yan tsiraru suka haɗu suka kafa Traditional Cowboy Arts Association, mai sana'o'i huɗu: haɗa sirdi, ƙirar linzami da ƙaimi, ƙirar azurfa, da saƙar ɗanyar fata. Cikin waɗanda suka faro akwai dukawa irin su Dale Harwood, Chuck Stormes da Cary Schwarz, da maƙerin azurfa Scott Hardy na Alberta a Kanada. Suka nemi gidan Oklahoma ya ba su ɗaki, aka yi baje kolin farko a 1999, kuma ana yi duk shekara tun daga nan.

Ga abin da ido ke gani a cikin gilashin. Azurfar da ake ƙira da ita kashi 925 cikin 1,000 ce, sauran jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Amma idan za a dasa ta a jikin baƙin ƙarfe, kamar a kumatun linzami, tsantsa ake so, don ta fi laushi. Maƙeri zai fara haƙa gurbi a jikin ƙarfen, ya shigar da bakin gurbin ciki ta yadda ƙasansa ya fi samansa faɗi. Sai ya ɗora azurfar ya yi ta bugu da 'yar guduma har ta bazu ta cika gurbin, ta maƙale ba tare da an liƙa ta da komai ba. Ya bi da magagari ya daidaita. Wannan salon Kalifoniya ne. Na Teksas ya fi son a yanko azurfar a liƙa ta a sama da wuta. Bayan nan sai zane. Aikin na damƙe a kan wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa, hannun hagu na juya shi, na dama na tura ɗan ƙarfe mai kaifi wanda aka goge bakinsa har yana ɗaukar ido. Kowane yanka na barin fuska mai sheƙi kamar madubi, a karkace, shi ya sa ganye da furen da aka zana ke walƙiya idan doki ya motsa kai. Ba a goge kuskure. In hannu ya zame, ko dai a sauya zanen ya haɗiye kuskuren, ko a sake daga farko. A ƙarshe a rina baƙin ƙarfen ya yi shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa, azurfar ta fito fes.

Kuma duk wannan ado ba ya halatta linzamin ya kasa aiki. Irin na Kalifoniya mai faffaɗan harshe a ciki, ba a sa wa doki shi sai bayan shekaru ana horar da shi da ragamar ɗanyar fata, sannan a haɗa biyun, kafin a bar shi da linzamin kaɗai. Nauyinsa sai ya daidaita ta yadda zai rataya a baki da kansa, mahayi ya ɗan motsa kamazuru doki ya ji. A kan sa jan ƙarfe a ɓangaren da ke cikin baki don ya jawo yawu, da wani ɗan gare-gare da dokin ke juyawa da harshe yana ƙara. Membobin ƙungiyar kan nace cewa duk abin da suka kawo sai ya zama ana iya amfani da shi.

Ana iya amfani da shi, amma wa zai yi? Sirdin da ya ci ɗaruruwan awoyi, aka sa masa farashin dubban daloli masu yawa, ba zai ga gumin doki ba. Daga gilashin gidan tarihi sai gilashin gidan attajiri. Wasu makiyaya na ganin an ɗauke musu sana'a an kai ta inda hannunsu ba ya kaiwa. Ƙorafin na da tushe, amma ban ga wata hanyar ba. Kafin 1999 maƙerin da ya yi wata guda a kan linzami ɗaya ba shi da wanda zai biya shi kuɗin watan. Baje kolin ne ya sa aka fara lissafa aikinsa kamar na mai zane, kuma da farashin sama ya ɗaga, na masu yi wa makiyaya kayan yau da kullum ma ya samu sarari. Abu mafi muhimmanci, ƙungiyar ta karya al'adar ɓoye sirri: membobinta na koyarwa, tana ba da tallafin karatu, tana shirya gasar masu tasowa. Ta kuma wuce iyakar Amurka, har da Pablo Lozano, mai saƙar fata daga Ajantina. A 2012 hukumar gidan waya ta Kanada ta sa kan bel ɗin da Hardy ya ƙera a kan tambarin wasiƙa na cikar bikin Calgary Stampede shekara 100.

Duk da haka ba a daidaita su da masu zane ba. Zane ko sassaƙa na da ƙofa tabbatacciya ta shiga taska kowace shekara, da suna da lambar yabo da kowa ya sani. Kayan azurfa yawancinsu baƙi ne na 'yan watanni, daga nan kowanne ya bi mai sayensa. Abin da ya fi ƙarfi a ɗakunan gidan ta wannan fanni tsofaffin kaya ne, irin saƙar Luis Ortega da siradan zamanin da.

Zahirin wa?

Zamanin kora shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas bai wuce shekara 20 ba, daga 1866 zuwa tsakiyar shekarun 1880, kafin wayar ƙaya da layin dogo su rufe shi. Masana tarihi da dama na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan nan baƙaƙen fata ne, ga kuma 'yan Meksiko masu yawa. Wanda ya san yammacin Amurka ta zanen shekarun 1970 kawai ba zai taɓa zaton haka ba. Zanen ya faɗi gaskiya a kan likkafa da majayi, ya yi shiru a kan wanda ke kan sirdin. Wannan ne haɗarin zanen zahiri: da yake ƙananan abubuwan daidai suke, mai kallo sai ya gaskata babban labarin ba tare da tambaya ba.

Taɓa wannan batu ba shi da sauƙi a Amurka. A 1991 cibiyar Smithsonian a Washington ta yi baje koli mai suna The West as America, inda ta rubuta a gefen tsofaffin zane-zane cewa sun ƙawata mamaye ƙasar wasu. Aka yi ca, har wasu sanatoci suka yi barazanar taɓa kuɗin cibiyar. Gidan da ke rayuwa da la'adar masu saye ba zai yi irin wannan fito-na-fito ba, kuma bai yi ba. Sauyinsa a hankali ya zo, ta ƙofar gayyata. Tun farkon shekarun 1970 ya sa Bill Pickett, baƙar fata gwanin kayar da bijimi, a jerin gwarzayensa. A 2018 kyautar ta tafi ga Mian Situ, haifaffen Guangdong a ƙasar Sin, da zanen leburori 'yan Sin suna fasa duwatsun Sierra Nevada a 1865 don shimfiɗa layin dogo. Salo bai sauya ba, fentin mai ne, haske da inuwa, komai a wurinsa. Mutanen cikin ne suka sauya, kuma akwai masu saye da suka jefa wa irin wannan aiki takarda.

Matsin lamba ma ya ƙaru daga maƙwabta. Jihar Oklahoma na da ƙabilun asali 39, kuma a watan Satumba na 2021 aka buɗe First Americans Museum a birnin, inda su da kansu ke ba da labarinsu. Baƙon da ya ziyarci gidajen biyu a rana ɗaya zai kalli sunkuyayyen mahayin Fraser da wani ido daban.

Ƙungiyar Cowboy Artists of America, wadda tafiyarta ta haifar da duk wannan, ta dawo Oklahoma a 2011 tana baje koli tare da maƙeran, sannan ta sake tashi zuwa Fort Worth a 2019. Wannan karon gidan bai girgiza ba, domin yana da nasa. Prix de West ya yi taronsa na 50 a 2022. Maƙeran da dukawan na nan suna zuwa duk kaka, sai dai adadinsu bai taɓa yawa ba: sabon memba sai ya kawo aikinsa an duba, mafi yawan tsofaffin sun amince, kuma akwai shekarun da ba a ɗauki kowa ba. Da dama daga waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1998 sun riga sun ajiye guduma.